Daga Tsallaken Fadama

Shekara shida na yi ina zanen gidaje a wata ma'aikatar gwamnati a Abuja, ba a taɓa aza bulo ɗaya a kan abin da na zana ba. In na gama, oga ya duba ya ce ya yi kyau, a naɗe takardar a ɗaure da roba a ɗora ta kan kabad tare da 'yan uwanta. Lokacin kuwa gari na tashi ba ji ba gani. Soja sun koma bariki, kuɗi sun shigo hannun mutane, duk inda ka waiga tifa ce ke juye yashi. Ni da na karanta abin a jami'a sai dai in wuce a tasi mai kore da fari ina kallon gidajen wasu, ina gyara musu tagogi a zuciyata. Abin yana ci mini rai, kuma ban taɓa ɓoye wa kowa ba, don ni ba gwanar haɗiye magana ba ce.

Yayana shi ya riƙe ni tun rasuwar mahaifinmu, shi ne kuma ya tsaya mini na yi karatun lokacin da dangi ke cewa zanen gida aikin maza ne. Yana da shagon atamfa da leshi a kasuwar Wuse. Mutum ne mai alheri da taurin kai, kuma ban san wanne ya fi yawa ba. In zai gabatar da ni ga abokansa sai ya ce, ga ƙanwata, ta karanta zane, da irin muryar da ake cewa yarinya ta iya kitso. Yana alfahari da ni, wannan ban yi shakka ba. Abin da bai taɓa yi ba shi ne ya tambaye ni wani abu game da aikin.

Wata Asabar ya zo ya ɗauke ni a mota bai faɗi inda za mu ba. Muka bi hanyar Karshi, muka bar kwalta, muka hau wani tudu da aka yayyanka fulotai. Ya tsaya a bakin hanya ya nuna da mukullin mota, ya ce daga wannan dutsen safiyo zuwa wancan nasa ne, takardu sun fito, kuma ni yake so in zana masa gidan. Na ce masa to, a sanyaye, kamar an aike ni sayen gishiri, don kada ya ga yadda zuciyata ke tsalle. Sai da na juya masa baya na yi kamar ina duba filin sannan na saki fuskata ta yi abin da take so.

Filin ba irin wanda muka saba da shi a Kano ba ne. Daga hanya yake gangarowa a hankali, ya ɗan huta a tsakiya, sannan ya sulale har bakin wata fadama mai faɗi, cike da tukurwa da doguwar ciyawa, balbelu na yawo a cikinta. An kakkafa ginshiƙai masu koren fenti a gefenta, da allon da ke cewa an hana cikewa, an hana gini. Doka kuma ta ware wata tazara daga bakin ruwan wadda ba a yarda a yi gini a cikinta ba, sai dai shuka da shingen waya. Da ido kawai na ga kusan sulusin filin Yaya ya faɗa cikin wannan tazarar. Na faɗa masa tun a ranar. Ya ce in dai zana, sauran ba matsala ba ce.

Bayan mako biyu matsalar ta zo da ƙafarta, sanye da farar hular kwano. Wani ɗan kwangila ne da abokan Yaya na kasuwa suka haɗa su, shi ne ya gina gidan da ke jikin filinmu ta hannun dama. Hanyarsa mai sauƙi ce. A cike bakin fadamar da jar ƙasa, tifa bayan tifa, a ja katanga ta zagaye filin duka har ƙasa, sannan a gina gida a ciki. Na miƙa masa takardar da na fara zanawa, ya karɓa ya naɗe ta yana nuna wurare da ita, bai buɗe ba.

"Oga, kowa haka yake yi," ya ce da Yaya. "Wannan allo ba ya cizo. Madam ta bar mana wannan, aikin fili daban yake da aikin ofis."

Ban ga laifin Yaya da maganar ta shige shi ba. Mu mutanen Kano in mutum ya sami fili, kafin ya san inda ɗaki zai zauna ya riga ya ja katanga. Haka mahaifinmu ya yi, haka kakanmu. Ƙasarmu shimfiɗe take, katanga in ta wuce kan dogon mutum da kamu ɗaya an gama magana, mace ta fito tsakar gida ba mayafi ta yi aikinta, babu idon da zai kai gare ta. Yaya yana da mata da 'ya'ya mata huɗu, babbar ta fara zama budurwa. A gidan hayar da suke zaune a bene na uku, ko shanya sai da hijabi suke fita yi. Abin da ya sa ya sayi fili ke nan tun farko.

Ni kuma abin da nake so shi ne a bar sulusin nan na ƙasa kamar yadda doka ta ce, a dasa masa ciyawar jema da ayaba su riƙe ƙasa, a kewaye da waya, gidan ya zauna a sama. Na je shago na same shi da kwafen dokar, ya ce ai mutum ne ya rubuta ta. Na yi masa bayanin ruwa, yadda ƙasar da aka cike take shan ruwan damina ta kumbura ta ture katanga. Ya ce ta maƙwabcinmu ta ga damina biyu tana nan tsaye. Na ce to a ja katangar a sama da layin tazarar. Ya ce wato ya yi wa kwaɗi kyautar sulusin filinsa ke nan, tunda abin da ke bayan katanga ba naka ba ne. Ya ajiye turmin atamfar da ke hannunsa ya dube ni.

"Ke kina maganar ruwa da ciyawa, ni ina maganar iyalina. Gidan da bayansa yake a buɗe ai tasha ce."

Nan na hau dokin zuciya. Na ce masa shi yadi ya sani, bai san ƙasa ba, kuma in ɗan kwangila zai bi, da bai wahalar da kansa ya kai ni makaranta ba. A gaban masu sayayya na faɗa, har wata mata ta ajiye leshin da take dubawa ta fita. Yaya bai ɗaga murya ba, kuma wannan ya fi komai ciwo. Ya ce bai hana ni ba, ina da wata uku daga nan in kawo masa zanen da zai rufe masa gida. In ban kawo ba, tifa za ta fara juye ƙasa, ya ba wanda zai rufe.

Na koma gida raina a jagule. Gida na farko da za a gina da zanena ne, na ɗan uwana, ga shi zan rasa shi ga mutumin da ko buɗe takardata bai yi ba. Matar Yaya, wadda muka fi zama ƙawaye da surukai, ta saurare ni har na gama zuba, sannan ta yi dariya ta ce ni da yayan nawa kanmu ɗaya ne, da guduma aka ƙera shi. Ita dai, in ji ta, a ba ta inda za ta shanya kaya ta zauna ta sha iska ba lulluɓi, ko da mene ne aka rufe shi. Ta tilasta ni na je na ba shi haƙuri. Na bayar, amma da rabin baki, shi ma da rabin baki ya karɓa.

Damina ta sauka. Kowace Asabar sai in ari na'urar auna tudu da gangare in tafi filin, in auna in rubuta, in bi ruwa in ga inda yake bi. Na ga katangar maƙwabci ta fara yin ciki ta ƙasa, amma na san ko na nuna wa Yaya cewa zai yi a ƙara rodi. Na zana na yaga ya fi a ƙirga. Duk zanen da na yi, in na dube shi da idon Yaya sai in ga abu guda, babu katanga a ƙarshen fili. Wa'adin na matsowa, an fara kawo sabuwar doya bakin titi, ni kuwa ba ni da abin da zan kai masa sai hujjojin da ya riga ya sa ƙafa ya shure.

Wata safiya bayan ruwa ya ɗauke, na gangara har wurin koren ginshiƙan, ƙafata ta lume a laka har ƙauri. Ina kokawar ciro takalmi sai ga wata dattijuwa 'yar Gbagyi ta fito daga cikin tukurwa da kaya a kafaɗa. Ta sauke ta jawo ni tana dariya, ta ce wa ya aiko ni fadama da takalmin ofis. Gonar doyarta na tsallake, a kan tudun da ke kallon namu. Ta tambaya ko ni ce matar mai sabon filin, na ce ƙanwarsa ce. Ta ce Allah ya sa mai gidan namu ya fi na kusa da mu tausayi.

"Matar gidan can," ta ce da Hausarta ta Abuja, "kullum shi ne wanki, shi ne shara, mijin yana zaune yana shan shayi. Jiya ma ya sayi sabon bokiti ja."

Na tambaye ta ko tana shiga gidan ne. Ta ce ita da wa, gidan da ke da maigadi a ƙofa. Daga gona take gani.

Na ce ta kai ni. Akwai hanya ashe, duwatsu da guntayen itace da manoma suka jera a cikin ciyawa, wanda bai sani ba ba zai gan ta ba. Muka tsallake muka hau tudun har tsakiyar gonar, sannan na juyo. Katangar maƙwabcinmu da aka zuba wa siminti da rodi tana can ƙasa, ba abin da take rufewa sai gindin gangare. Sama da ita tsakar gidan maƙwabcinmu ce a buɗe, ta karkato wajenmu kamar an miƙo mana faranti. Na ga igiyar shanya, na ga jan bokitin, na ga wata mata ba ɗankwali tana yi wa yarinya kitso. Kunya ta fara kama ni, na kawar da kai. Daga baya sai wani daɗi ya taso mini, na zauna a kan kunyar doya ina dariya har dattijuwar ta fara kallona da shakka. Wata biyu ina jayayya da Yaya a kan katangar da ba ta rufe komai. Kuma ni da takardar jami'ata, da idon Kano nake kallon filin kamar shi, kullum daga bakin hanya, kullum daga sama.

Ban faɗa masa ba. Na san in na faɗa da baki, hujja ce kawai ta ƙaru a kan waɗanda ya ƙi. Matarsa na faɗa wa, ita kuma ta san hannun mijinta. Ta ce masa tana so ta ga filin har ƙarshensa kafin a fara gini, kuma ta ji ana samun doya mai kyau a gonar tsallake. Ya yi mita ya gaji, ranar Lahadi da safe ya kawo mu, sanye da farar shadda da ta sha guga, don shi a tunaninsa a mota zai jira. Matar ta ce ba za ta shiga ciyawa ba namiji ba. Haka ya tattare rigarsa ya biyo mu yana tsalle daga dutse zuwa dutse, yana tambayar wane irin doya ne wannan da babu shi a kasuwa. Sau biyu yana zamewa, ni kuma na cije leɓe don kada dariya ta ɓata mini shiri.

Da muka kai tsakiyar gonar ya gaisa da dattijuwar, ya fara taya doya. Na ce, "Yaya, juyo."

Ya juyo. Ina kallon idonsa yana bin katangar daga wannan kusurwa zuwa waccan, sannan ya hau sama. Daidai lokacin wata mata ta fito daga ɗaki da ɗaurin ƙirji za ta ɗebi ruwa. Yaya ya fizge fuskarsa gefe yana istigfari, ya ce mu ma mu juya. Ya san mai gidan, sun sha haɗuwa a masallacin Juma'a, mutum ne mai kishin iyalinsa kamar shi. Ya tambayi dattijuwar tun yaushe ake ganin haka. Ta ce tun ranar da suka tare, kuma ba ita kaɗai ba, duk mai bin hanyar ƙauye ta nan yake wucewa. Ya gangara gaba ya bar mu, doyar ma sai matarsa ce ta ɗauko.

A mota, sai da muka hau kwalta sannan ya ce to sai a ƙara wa katangar tsayi. Wannan nake jira, don na riga na auna na lissafa. Na ce masa in ana so katangar da ke bakin fadama ta rufe tsakar gida daga waccan gonar, sai ta fi bene mai hawa biyu tsayi, kuma a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa za ta tsaya, 'ya'yansa suna wasa a gindinta. Bai yi musu ba. Ya ɗan tuƙa kaɗan, ya dube ni ta madubi ya ce, "To ke me kika tanada?" Na ji tambayar har cikin ƙashina, na kusa manta amsar.

Abin da na tanada na zana shi a kwanakin da suka biyo bayan hawana tudun nan. Gidan zai zama sashe biyu. Na sama a bakin hanya, zaure da falo da ɗakunan Yaya. Tsakar gida ta zauna a wurin nan da gangaren ya ɗan huta. Sai sashen ƙasa, kicin da ɗakunan yara, ya juya wa fadama baya, tagoginsa na baya ƙanana can sama kusa da rufi. Wannan sashen shi ne zai tsaya tsakanin tsakar gida da idon tsallake, gidan ya rufe kansa da kansa. Ruwan sama ya bi magudanai biyu na dutse ta gefe, ya sauko mataki-mataki ya bazu a cikin jema, kada ya faɗa fadama da gudu ɗauke da ƙasa. Sulusin ƙasa ya zama lambu cikin waya, nasa ne, ba wanda ya karɓe masa. Na shimfiɗa masa takardar a kan kantar shago na yi bayani. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce shi bai iya karanta layuka ba, kuma an riga an cuci idonsa sau ɗaya, ba zai yarda da abin da bai gani ba. Na ce ya ba ni mako guda.

Na je kasuwar Karshi na sayo zana da dogayen gora, na ɗauki leburori huɗu. Muka kakkafa gorar a kan layin da bayan sashen ƙasa zai tsaya, muka ɗaure zana hawa-hawa har daidai tsayin da na zana wa rufin, ban ƙara ko yatsa ba. Leburorin suna ta tambaya ko rumfar biki ce. Ɗan kwangilar ya ji labari ya zo ba a gayyace shi ba, ya jingina da motarsa yana murmushi. Matar Yaya ta zo da jan gyale mafi haske a akwatinta, ta tsaya a tsakiyar inda tsakar gida za ta kasance. Yaya kuma ya sake tsallake fadama, wannan karon da tsofaffin kaya, wayar hannu a aljihu. Da na kuskure awo da tafin hannu ɗaya, kanta zai leƙo ta saman zana, shi ke nan an gama da ni a gaban mai hular kwano.

Wayata ta yi ƙara. A lokacin wayar hannu ba ta daɗe da zuwa ba, kowa da ƙarfi yake magana a cikinta, har leburori na jin Yaya.

"Ku sa ta tsaya a wurin mana."

"Tana tsaye, Yaya."

"Ta ɗaga hannu."

Ta ɗaga duka biyun, ta cire gyalen tana kaɗa shi sama da kanta. Wayar ta katse. Na leƙa ta gefen zana na hango shi yana ƙara hawa, ya wuce gonar, ya kai hanyar ƙauye, ya hau wani dutse da ke gefenta. Babu wurin da ya fi nan tsayi a tsallaken. Ya sake kira yana haki, ya ce mu ji tsoron Allah, in mun shigar da ita mota ne mu faɗa masa gaskiya. Na ce wa leburori su kwance zanar tsakiya. Ta faɗo, matarsa ta bayyana tana kaɗa jan gyale kamar mai tare mota. Sai na ji Yaya ya fashe da dariya a waya, irin dariyar da rabona da ji tun muna yara.

"Ku mayar," ya ce. "Ku mayar da sauri."

Ya dawo da laka har gwiwa. Ɗan kwangilar ya tare shi yana cewa zana daban bulo daban, kuma har yanzu ana asarar fili. Yaya ya yi masa godiya da kyau, ya ce in ya buƙace shi zai neme shi. Ya juyo wajena ya ce in gyara takardun in kai ofishin ba da izinin gini. Matarsa ce ta rungume ni tana raɗa mini cewa hannunta ya kusa cirewa.

Ma'aikacin da ya duba fayil ɗin ya daɗe yana kallon sulusin da na bari ba gini. Ya tambaye ni ko mai filin ya san da haka, na ce da ƙafarsa ya taka ya yarda. Ya buga hatimi ba tare da ya mayar da ni gyara ko ɗaya ba. A tasi na rungume takardun a ƙirji har gida, direba na tambaya ko takardar ɗaukar aiki ce. Yaya kuwa bai iya riƙe abin da ya gani ba, ya sami maƙwabcin nan a keɓe ya faɗa masa. Mutumin ya yi rumfar kwano a tsakar gidansa cikin kwana uku. Daga baya, da aka zo duba bakin fadama, an shafa wa katangarsa ta ƙasa jan fenti aka sa shi ya cire ta da ƙasar da ya cike. Na tausaya wa matar gidan ƙwarai. Shi kuwa, gaskiya ban tausaya masa yadda ya kamata ba.

Damina na ɗaukewa aka sa ranar fitar da harsashi. Shugaban maginan wani dattijo ne mai ladabi, ya gina gidaje tun ban shiga firamare ba. Kafin in iso sun riga sun kakkafa turaku sun ja igiya, siffar gidan ta fito a ƙasa. Na tsaya a bakin hanya ina kallon ɗakunan da na sani a takarda kwance a kan ciyawa, har na gane inda murhu zai zauna. Sannan na ɗauki tef ɗin awo na bi kusurwa-kusurwa ina aunawa. Duk sun yi daidai sai ta ƙarshe, kusurwar sashen ƙasa ta hagu. Akwai dutse a inda turken ya kamata ya shiga, sai suka gusa da shi ƙasa kaɗan, ya shiga cikin tazarar da kamu ɗaya. Na ce a cire.

Dattijon ya wuce ni ya hau wajen Yaya, wanda ke tsaye da abokansa biyu na kasuwa da ya kawo su gani.

"Alhaji, kamu ɗaya ne fa. In an cire sai an fasa dutse, a sake jan igiyar ɓangaren nan duka."

Maginan suka tsaya da aiki, kowa na jiran abin da mai gida zai ce. Na riƙe tef ɗina na ƙi kallon kowa. Yaya ya gangaro a hankali har inda nake, ya sunkuya ya kama turken da hannu biyu, ya girgiza shi ya tuge. Ya karɓi guduma a hannun wani magini ya haɗa da turken ya miƙo mini.

"Ni ɗan kallo ne a nan," ya ce da dattijon. "Ga mai aikin."

Aka kawo ƙarfe aka fasa bakin dutsen. Na auna sau biyu, na durƙusa na dasa turken a inda na zana shi. Bugun farko na kuskure, don idona ya cika da ruwa ba na gani sosai. Na biyu ya shiga. Dattijon da kansa ya zo ya ɗaura igiya a jikinsa ya ja, ya tambaye ni ko ya yi, na ce ya yi. Kafin azahar an fara haƙa.